Ɗaukar hoton akwatin kifi

Ɗaukar hoton akwatin kifi wani reshe ne na ɗaukar hoto da ya shafi kifaye, jatan lande, murjani da tsirran ruwa waɗanda ake kiwo a cikin akwatin gilashi da ake kira akwariyom, ko a gida ko a gidajen baje kolin halittun ruwa. Ya bambanta da ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa, domin a nan kyamara tana waje a bushe, tana leƙen abin da za ta ɗauka ta bayan gilashi da ruwa. Mafi yawan masu yin sa ba ƙwararru ba ne. Masu kiwon kifin ado ne da ke neman kyamara ɗaya wadda za ta yi musu hoton iyali da na tafiye-tafiye, ta kuma fito da kifinsu yadda ido ke ganinsa. Abin da ya fi tasiri a irin wannan hoto shi ne lens, wato idon kyamara, da kuma hasken da ake da shi. Jikin kyamarar yana biyo baya ne, ko da yake shi ne masu saye suka fi zuba wa kuɗi.

Tarihi

Kiwon kifi a akwatin gilashi ya bunƙasa a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19. A shekarar 1853 aka buɗe gidan kifi na farko da jama'a ke shiga kallo, a gidan namun daji na Landan, kuma masanin halittu Philip Henry Gosse ne ya yayata kalmar akwariyom a littafinsa na shekarar 1854. Kyamarorin wancan zamani suna buƙatar sakan da dama kafin su kama hoto, kifi kuwa ba ya tsayawa, shi ya sa littattafan kifi suka daɗe suna dogara da zanen hannu.

Cikin waɗanda suka ɗaga darajar fannin a zamanin nan akwai Takashi Amano (1954–2015), ɗan ƙasar Japan daga lardin Niigata, mai ɗaukar hoto kuma mai tsara lambun cikin ruwa, wanda ya kafa kamfanin Aqua Design Amano. Ya yi aiki da manyan kyamarorin fim masu faɗi. Gasar tsara tsirran ruwa ta duniya da kamfaninsa ya fara a shekarar 2001 da hoto ake shigarta. Alƙalai ba sa zuwa ganin akwatin, hotonsa kawai suke dubawa, don haka aikin watanni na iya faɗuwa saboda hoto mara kyau.

Zuwan kyamarar dijital ya buɗe wa masu sha'awa ƙofa. Naɗin fim na milimita 35 hoto 36 yake ɗauka, mai ɗaukar kifi kuwa yakan zubar da akasarin abin da ya ɗauka, kuma a da kowane kuskure kuɗi ne. A shekarar 2003 Canon ta fitar da EOS 300D, kyamarar dijital mai canjin lens wadda farashinta ya sauka ƙasa da dala 1,000. A shekarar 2008 Panasonic ta fitar da Lumix G1, ta farko a jerin kyamarori marasa madubi masu canjin lens.

Abin da gilashi da ruwa ke yi wa haske

Haske yana lanƙwashewa duk lokacin da ya tsallaka daga wani abu zuwa wani. Ma'aunin wannan lanƙwasa a iska 1 ne, a ruwa kusan 1.33, a gilashi kusan 1.5. Saboda haka kifin da ke nisan santimita 40 a bayan gilashi yakan bayyana kamar yana santimita 30. Wannan ba ya ɓata komai matuƙar lens na fuskantar gilashin a miƙe. Amma da zarar an karkata kyamara sama, ƙasa ko gefe, launukan da ke cikin haske ba sa lanƙwashewa daidai da juna, sai gefen kifin ya fito da zare-zaren shuɗi da ja, hoton kuma ya yi dishi-dishi. Babu tsadar lens da ke gyara wannan. Gilashin akwatin ya riga ya zama wani sashe na lens ɗin, kuma ba don hoto aka ƙera shi ba. Lamarin ya fi muni a gilashi mai kauri da akwati mai lanƙwasasshiyar fuska. A gidan kifi na Churaumi da ke Okinawa, kaurin babbar tagar kallo ya kai santimita 60, don haka 'yar karkata kaɗan ta isa ta lalata hoto.

Matsala ta biyu ita ce ƙyalli. Idan ɗakin ya fi cikin akwatin haske, gilashi yakan koma madubi, sai taga, talabijin, farar riga ko hannun mai ɗaukar hoton su fito a kan kifin. Maganin ba shi da tsada: a kashe fitilun ɗaki, a saki labule, a sa tufafi masu duhu, a kuma ɗaura wa bakin lens murfin roba mai laushi wanda za a manna a jikin gilashin. Masu sayar da kaya sukan ba da shawarar matatar haske mai kashe ƙyalli, irin wadda ake amfani da ita wajen ɗaukar tafki ko tagar mota. A nan amfaninta kaɗan ne. Ta fi aiki idan an karkata kusan digiri 56 daga miƙe, wato daidai kwanar da ya kamata a guje wa, sannan tana cinye rabin haske ko fiye.

Ta uku ita ce ƙarancin haske. Fitilar akwati tana haska ido a cikin ɗaki, amma ba ta kusa da hasken rana ba. Kifi kuma yana motsi, kuma tsayar da motsi a hoto sai da haske mai yawa. Kusan duk zaɓen kaya a wannan fanni daga waɗannan abubuwa uku yake tasowa.

Jikin kyamara

Kyamarori masu canjin lens iri biyu ne. Akwai DSLR, wadda ke da madubi a ciki da ke nuna wa mai ɗauka abin da lens ke gani, akwai kuma mara madubi, wadda ke nunawa ta ƙaramin allo. Dukkansu suna aikin. Mara madubi tana nuna yadda haske da launi za su fito tun kafin a danna, abin da ke taimakawa a ɗaki mai duhu. DSLR kuwa ta fi riƙe batir, kuma ta hannu ta yi araha tun da manyan kamfanoni suka karkata ga marasa madubi.

Girman sensa, wato farantin da ke karɓar haske, shi ne babban bambanci. Babbar sensa milimita 36 ce da 24, daidai da girman hoton fim. Ta tsakiya, mai suna APS-C, kusan 23.5 ce da 15.6, ta Canon kuma ta ɗan fi haka ƙanƙanta. Ta Micro Four Thirds 17.3 ce da 13. Babbar sensa ta fi jure duhu ba tare da hoton ya yi yashi-yashi ba. Sai dai ƙaramar sensa tana da nata alheri ga mai kifi: da yake tana yanke tsakiyar hoton ne, ƙaramin kifi yakan cika fili daga nesa, kuma lens ɗinta sun fi sauƙin kuɗi da nauyi. Ga mai sha'awa da ke haɗa hoton yau da kullum da na akwati, APS-C ta wadatar.

Yawan megafiksel ba abin damuwa ba ne sosai. Hoto mai megafiksel 24 yana da ɗigo 6,000 a tsawo da 4,000 a faɗi, kuma ya isa a buga shi tar a takarda mai tsawon kusan rabin mita. Abubuwan da suka fi cancanta a duba su ne ko kyamarar tana ba mutum damar saita komai da hannu, ko tana ajiye hoto a tsarin RAW, ko tana da mazaunin filash a samanta, da kuma yadda fokas ɗinta ke bin abu mai motsi a cikin duhu. Fasahar gane ido da ke cikin sababbin kyamarori an fi horar da ita kan mutane, karnuka, kyanwoyi da tsuntsaye, ba kullum take gane kifi ba.

Mai sayen jiki ya sani cewa gida yake shiga, domin kowane kamfani da irin bakin da lens ɗinsa ke ɗauruwa. Bakin F na Nikon ya faro a shekarar 1959, bakin EF na Canon a 1987, sannan kamfanonin biyu suka fitar da Z da RF don marasa madubi a 2018. Tsofaffin lens suna aiki a sababbin jikuna ta hanyar mahaɗi. Jiki yakan tsufa cikin 'yan shekaru, lens mai kyau kuwa yakan wuce jiki biyu ko uku. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa a kan jiki mai tsada, ya rage da lens ɗin da aka haɗo a kwali, sau da yawa hotonsa ba ya kai na wanda ya sayi tsohon jiki na hannu ya ɗora masa lens na kirki.

Lens

Lambobi biyu ake karantawa a jikin lens. Ta farko a milimita take, tana nuna faɗin abin da lens ke gani: ƙaramar lamba kamar 18 tana kwaso fili mai faɗi, babba kamar 100 tana jawo abu kusa. Ta biyu ita ce lambar f, mai nuna girman ƙofar haske, kuma a juye take, wato ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Jerin shi ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma kowane mataki yana rage haske da rabi. Akwai lamba ta uku da sabon shiga kan manta, alhali a hoton kifi ta fi sauran hukunci: mafi ƙarancin nisan da lens zai iya yin fokas. Daga sensa ake auna wannan nisa, ba daga bakin lens ba.

Lens ɗin da a da aka fi haɗowa da kyamara shi ne 18–55, mai ƙofa daga f/3.5 zuwa f/5.6. Ya dace da biki, tafiya da hoton gida, kuma yana ɗaukar akwati gaba ɗaya da kyau idan an ɗora kyamara a kan ƙafa uku aka tsuke ƙofa zuwa f/8. A irin wannan hoto gara a ja da baya a yi amfani da milimita 35 zuwa 50, domin a 18 gefunan akwatin sukan kumbura kamar ganga. Inda yake gazawa shi ne kifi ɗaya mai iyo: a milimita 55 ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, hasken ba ya isa.

Mataki na gaba mafi araha shi ne lens mara zuƙowa na milimita 50 mai f/1.8. Yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6, kuma ya shahara wajen hoton fuska. A kan APS-C, na milimita 35 ya fi dacewa da ɗaki. Yana da kyau ga manyan kifaye da kuma gidajen baje koli masu duhu. Aibinsa shi ne ba ya fokas a ƙasa da santimita 35 zuwa 45, don haka idan an manna shi a gilashi, kifin da ke gaba-gaba ba zai fito ba. Kuma idan an buɗe ƙofar duka, idon kifin ne kawai zai fito tar, wutsiya ta narke.

Lens ɗin da ya fi dacewa da wannan fanni shi ne makro. Makro na gaskiya yana kai 1:1, wato abin da tsawonsa santimita ɗaya ne yana faɗa wa sensa da tsawon santimita ɗaya. Kifin neon tetra, mai kusan santimita 3, zai kusa cika babbar sensa a wannan mataki, ya kuma fi ƙarfin APS-C. Ke nan akasarin hoton kifi a 1:2 ko 1:3 ake yin sa. Cikakken 1:1 na ƙananan jatan lande ne, da ƙwan kifi, da 'yan bakunan murjani. A lura cewa wasu lens masu zuƙowa ana rubuta musu makro alhali ba sa wuce 1:3 ko 1:4.

Tsawon makro ya danganta da zurfin akwatin daga gaba zuwa baya. Na milimita 60 ba shi da nauyi, amma a 1:1 abin da ake ɗauka sai ya matso ƙasa da santimita 10 daga bakin lens, kuma gilashi ba zai bari a bi abin da ke can baya ba. Na milimita 90 zuwa 105 yana ba da tazarar kusan santimita 14 a 1:1, ya kuma cika fili da kifin da ke tsakiyar akwati ba tare da an firgita shi ba. Misalansa su ne Canon EF 100mm f/2.8L, Nikon 105mm f/2.8 Micro, Sony FE 90mm f/2.8, da na Tamron mai milimita 90 da na Sigma mai 105, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi. A Micro Four Thirds, makro na milimita 60 na Olympus ne ke wannan aiki. Wannan tsawo yana kuma yin hoton fuska, fure da ƙwari, shi ya sa lens biyu, wato na kwali da makro ɗaya, suka ishi yawancin masu sha'awa.

Makro yana da farashin da ba na kuɗi ba. Gwargwadon matsowa, gwargwadon sirancewar wurin da ke fitowa tar. A 1:1 da f/8, kaurin wannan wuri bai wuce kusan milimita ɗaya ba. Dole a tsuke ƙofa zuwa f/11 ko f/16, hasken ya ƙara raguwa, sannan lens ɗin kansa yana asarar kusan mataki biyu na haske a 1:1. Tsukewa fiye da f/16 kuma tana sa hoto ya fara laushi. Wanda bai kai ga sayen makro ba zai iya gwada zoben da ake sawa tsakanin jiki da lens, ko gilashin ƙara girma da ake ɗaurawa a baki. Suna matso da fokas kusa, amma muddin suna ɗaure, lens ba ya ganin nesa.

Dogon lens irin 70–300 na tsuntsaye ne da wasanni. Yawancinsu ba sa fokas a ƙasa da kusan mita ɗaya, don haka amfaninsa a akwatin gida kaɗan ne.

Haske da launi

Filash ɗin da ke manne a saman kyamara yana bugun gilashi ya dawo cikin lens, ya bar farin tabo. Ko an kauce wa wannan, ɓawon jikin kifaye masu launin azurfa yana mayar da hasken da ya zo ta gaba kamar madubi. Hanyar da aka saba ita ce a cire filash ɗin, a ɗora shi a saman akwati yana haskawa ƙasa ta cikin farin abu mai tausasa haske, a kunna shi da waya ko na'urar rediyo. Hasken yana zuwa daga inda rana take zuwa, kuma da yake walƙiyar takan ɗauki kusan 1/1000 na sakan ko ƙasa da haka, ita ce ke tsayar da kifin. Yawancin kyamarori ba sa daidaita da filash a saurin da ya wuce 1/200 ko 1/250. Filash mai araha da abin kunna shi yakan gyara hoto fiye da sabon jiki.

Akwatin ruwan daɗi mai tsirrai yawanci ana haska shi da fitila mai kusan kelbin 6,500, kusa da hasken rana, kuma kyamara ba ta wahala da shi. Ruwan da aka sa wa itace ko busasshen ganye yakan yi launin shayi, gilashi na gama-gari kuma yana da ɗan kore saboda ƙarfen da ke cikinsa. Akwatin murjani ne mai wuya. Fitilunsa shuɗaye ne, daga kelbin 10,000 zuwa 20,000, kyamarori da yawa kuwa ba sa saita fari sama da 10,000, sai hoton ya fito shuɗi gaba ɗaya. Ana magance wannan da matata mai launin lemo ko rawaya a bakin lens, ko a ɗauka a RAW a gyara launin a kwamfuta. Wasu fitilun suna ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani, kuma hakan kan bar ratsi-ratsi a hoto, musamman idan an sa kyamara a yanayin ɗauka ba ƙara.

Saiti

Kifi mai nutsuwa kamar discus ko betta yakan fito a 1/125 na sakan. Masu zirga-zirga sai 1/250 zuwa 1/500. Na'urar hana girgiza da ke cikin lens ko jiki rawar hannun mutum take gyarawa, ba ta tsayar da kifi. Idan babu filash, ana ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200, domin hoto mai ɗan yashi ya fi hoton da ya jirkice. A kan ido ake yin fokas. Bin kifi da kyamara ba ya cika haifar da komai. Gara a lura da hanyar da ya saba bi, a saita fokas a wurin, a jira.

Halin kifin ma yana shiga lissafi. Kifi mai hancin giwa na kogunan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da kogin Neja, baƙi ne kuma da dare yake fitowa, don haka fokas na kansa yakan ɓace a jikinsa, sai an koma na hannu. Kribensis, wanda asalinsa kudancin Najeriya ne da Kamaru, yakan tsare bakin kogonsa lokacin haihuwa, abin da ke sauƙaƙa jira.

Kafin ɗauka ana goge gilashi ciki da waje, domin makro yana fito da gansakuka da ƙarce da ido bai gani ba. Ana kuma kashe famfo da na'urar kumfa na 'yan mintuna don tsirrai su tsaya, datti ya kwanta.

Wayar salula

Waya tana ɗaukar akwati gaba ɗaya da kuma bidiyo da kyau, kuma ƙaramin idonta yana mannuwa a gilashi cikin sauƙi, ƙyalli ya ɓace. Rauninta shi ne ƙaramar sensa. A duhu takan haɗa hotuna da dama ta mayar da su ɗaya, dabarar da ke aiki ga abu tsayayye amma take shafe fiffiken kifi mai motsi. Yanayin makro na waya kuma yakan buƙaci a matso santimita kaɗan, wanda ba ya yiwuwa sai abin yana jikin gilashi.

Lafiyar kifi da kula da kaya

Kifin da ya firgita yakan kwantar da fiffike, launinsa ya kode, ya ɓuya. Ƙwanƙwasa gilashi, kunna fitila kwatsam cikin duhu, da maimaita filash a kan kifin dare ko mai gadin ƙwai duk suna jawo haka, wasu iyayen ma sukan cinye ƙwansu idan an dame su. Gidajen baje koli da yawa sun hana filash, wasu har da ƙafa uku. Famfon da aka kashe don hoto kuwa, mantawa da shi na sa'o'i na iya rage iskar ruwa har kifi ya mutu.

Laimar da ke kewaye da akwati tana haifar da fumfuna a cikin lens, feshin ruwan gishiri kuma yana cin ƙarfe. Ba a ajiye kyamara a kabad ɗin da ke ƙarƙashin akwati. Ana sa ta a rufaffen mazubi tare da ƙunshin silika mai shanye laima. Filash ɗin da aka ɗora a saman ruwa sai an ɗaure shi, kuma ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. A wuraren da ake ƙurar hunturu, ana canja lens a cikin ɗaki, bakin kyamara na kallon ƙasa, domin ƙurar da ta hau sensa ba ta cika nunawa a f/2.8 ba, amma a f/11 da f/16 da ake yin makro takan fito baƙaƙen ɗigo a kowane hoto.